Yadda Ake Lissafin Nisa Da Awannin Tafiyar Jirgin Sama Daga Sakkwato Zuwa Jidda Da Sauran Birane Masu Nisa

Duk shekara da an fara haramar aikin Hajji, ko Umarar azumi ta matso, zauren gidana a Mabera ba ya rabo da masu tikiti a hannu. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, shi ya sa 'yan unguwa suka ɗauka duk abin da ya shafi taswira da agogo nawa ne. Wata gwaggona ce ta fi kowa iya tambayar: "Malam, wagga tahiya awa nawa ta? Wancan yaro ya ce biyar, takarda ta ce bakwai. Wa za ni bi?" Da yaron da takardar babu wanda ya yi mata ƙarya. Awa biyar za ta yi a sama, bakwai ɗin kuwa agogo biyu ne aka haɗa mata a layi ɗaya. Lissafin da zan nuna a nan shi nake yi musu a bayan ambulan, kuma duk wanda ya iya tarawa da rabawa zai iya yin sa da kansa.

Kayan aiki

- Takarda da biro. Kada ka yi lissafin nan da ka, lambobin suna da saurin cakuɗewa.
- Kalkuleta mai alamar √. Ta waya ta isa; a yawancin wayoyi in ka kwantar da wayar alamar za ta fito.
- Tikitin, ko jadawalin da mai sayar da tikiti ya turo maka.
- Waya mai data, domin Google Maps ko shafin Great Circle Mapper, sai manhajar Flightradar24 don gwaji na ƙarshe.
- In babu data: ƙwallon duniya irin na makaranta da zaren ɗinki.
- Agogon hannu wanda ba ya sauya lokaci da kansa. Amfaninsa zai zo a mataki na shida.

Sai lambobi uku da za ka haddace: 111, 830 da 30. Ta farko kilomita ce a kowane digiri na jikin duniya, domin kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, in ka raba shi gida 360 abin da zai ba ka ke nan. Ta biyu gudun babban jirgin fasinja ne a awa guda. Ta uku mintunan da tashi da sauka suke ci.

Mataki na 1: Ka san filin da za a tashi da wanda za a sauka

Jirgi ba ya tashi daga gari zuwa gari, daga fili yake tashi ya sauka a fili. Kowane fili yana da haruffa uku da aka san shi da su a duniya, kuma su za ka gani a tikiti. Namu na Sakkwato, wanda aka sa wa sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, SKO ne. Na Malam Aminu Kano KAN, na Abuja ABV, na Legas LOS. Jidda JED, Madina MED, Alƙahira CAI, Dubai DXB, Adis Ababa ADD.

Ka kula da wannan: Kano KAN ce, amma CAN birnin Guangzhou ne na Chaina, inda 'yan kasuwarmu suke zuwa sarin kaya. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, tazarar kuwa ta haura kilomita dubu goma. Haka manyan birane irin su Landan suna da fili fiye da ɗaya. In tikiti ya ce za ka sauka a Heathrow ka tashi daga Gatwick, akwai tafiyar mota a tsakani wadda ba a rubuta ba.

Maniyyaci kuma ya tambaya tun wuri, Jidda za a sauke su ko Madina. Bambancin nisan bai taka kara ya karya ba, amma shi zai nuna ko da harami za a shiga jirgi ko sai an je Zul-Hulaifa daga baya.

Mataki na 2: Nemo nisan kai-tsaye

Kuskuren farko da kowa yake yi shi ne ɗaukar nisan mota. Daga Sakkwato zuwa Abuja ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna ya haura kilomita 600, amma a sama kusan 490 ne kawai. Jirgi ba ruwansa da kwana.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe Great Circle Mapper ka rubuta SKO-JED. Zai ba ka kusan kilomita 3,720. Ka rubuta SKO-MED, zai ba ka kusan 3,840. Ko a Google Maps ka danne yatsa a kan filin jirginmu har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswirar har Jidda. Sai dai ka duba da wane ma'auni aka ba ka amsa. Akwai kilomita, akwai mil na ƙasa wanda yake kilomita 1.609, akwai kuma mil na ruwa da matuƙa suke aiki da shi, shi kuma kilomita 1.852 ne. Nisan nan na Jidda a mil na ƙasa kusan 2,315 ne, a na ruwa kusan 2,010. Na sha ganin wanda ya ɗauki 2,010 a matsayin kilomita ya fito da awa uku, ya tafi yana murna.

In babu data, ɗauko ƙwallon duniya. Danne bakin zare a kan Sakkwato, ka ja shi ya miƙe sosai har Jidda, ka riƙe wurin da ya tsaya da farce. Za ka ga zaren ya ratsa kudancin Nijar, ya shiga Chadi ta arewa da tafki, ya keta Sudan, ya haye Bahar Maliya. Ɗauke zaren ka shimfiɗa shi a kan layin ikweta da ya raba ƙwallon biyu. A yawancin ƙwallaye layukan tsaye suna da tazarar digiri 15, wato kusan kilomita 1,670 a kan ikweta. Zarenka zai cinye gida biyu da kwata. Ninka, ka samu kusan 3,750. Zare ya yi ƙoƙari.

Akwai abin da nake so ɗalibaina su lura da shi a nan. Wannan zaren kusan alƙiblarmu yake bi. Muna cewa mun fuskanci gabas, alhali daga Sakkwato alƙibla ta karkata arewa da kusan digiri 19 daga ainihin gabas. Kuma ƙasashen da zaren ya ratsa su ne waɗanda kakanninmu suka taka da ƙafa, wasu su shekara a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi gabas a 1903, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi, zuriyarsu na nan a Mai Wurno ta Sudan har gobe. Tafiyar da ta ɗauke su shekaru, yau jirgi cikin 'yan awanni yake yin ta.

Hanya ta uku ta masu son biro ce, kuma ita na fi so, don ba ta buƙatar komai sai lambobi biyu na kowane gari: lambar arewa da lambar gabas, waɗanda suke gefen kowace taswirar kirki. Filin Sakkwato yana kan 12.9 arewa, 5.2 gabas. Na Jidda yana kan 21.7 arewa, 39.2 gabas.

Fara da arewa. Debe 12.9 daga 21.7, saura 8.8. Ninka da 111, ka samu 977.

Sai gabas. Debe 5.2 daga 39.2, saura 34. A nan kada ka ninka da 111. Layukan tsaye suna matsewa ne in ana yin arewa, kamar ɓawon lemo da aka yanka tsaye, har su haɗe a ƙuryar arewa ta duniya. Digiri ɗaya na gabas kilomita 111 ne a kan ikweta, 107 a arewa ta 15, 104 a ta 20, 96 a ta 30, 85 a ta 40, 71 a ta 50. Nemo tsakiyar garuruwan biyu: tsakanin 12.9 da 21.7 kusan 17 ne, don haka ka ɗauki 106. Ninka 34 da 106, ka samu 3,604.

Yanzu ninka 977 da kansa, ninka 3,604 da kansa, ka tara su, ka danna √. Amsa za ta fito 3,734. Bambancinta da ta kwamfuta bai kai nisan Sakkwato zuwa Bodinga ba.

Gargaɗi biyu. In gari ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, tarawa ake yi, ba debewa ba: Abuja tana 7.3 gabas, Heathrow tana kusan rabin digiri yamma, tazararsu kusan 7.8 ke nan, kuma nisan zai fito kusan kilomita 4,770. Na biyu, wannan lissafin yana ɗaukar ƙasa kamar shimfiɗaɗɗar tabarma, don haka in tafiya ta yi tsawo ainun, ko garuruwan duka suna can arewa, yana zarce gaskiya. A irin wannan koma wa zare. Zaren ne zai nuna maka dalilin da ya sa jirgin Dubai zuwa Los Anjalas yake bi ta kusa da ƙuryar arewa ta duniya, abin da a taswirar bango za ka rantse ɓata ya yi.

Mataki na 3: Ƙara rarar hanya

Sama ma tana da hanyoyi da mahaɗai, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage ne suke faɗa wa matuƙi ta inda zai bi. Wani lokaci a kauce wa hadari, wani lokaci a sa shi ya yi shawagi kafin a ba shi titin sauka. Ni nakan ƙara kashi biyar cikin ɗari. Nisan Jidda ya koma kusan 3,900 ke nan.

Kashi biyar ɗin na lokacin lafiya ne. In aka rufe sararin wata ƙasa da ke kan hanya, lissafi ya tashi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe samanta, jiragen alhazanmu na wannan shekarar dole suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da fiye da awa guda, kuɗin jigila ma ya motsa. A watan Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata bayan juyin mulki, jiragen da suke zuwa daga Turai suka riƙa kewayawa. Saboda haka ka dubi ƙasashen da zarenka ya ratsa, ka tambayi kanka ko akwai wadda ake rikici a cikinta. In akwai, sake ɗora zaren ta gefenta, ka auna gaɓa-gaɓa ka tara.

Mataki na 4: Raba da gudun jirgi, ka ƙara rabin awa

Manyan jiragen fasinja irin su Boeing 777 da Airbus A330, in sun kai tsayin kilomita goma zuwa sha biyu sun daidaita, suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Ni 830 nake ɗauka, kuma bai cika ba ni kunya ba. Raba 3,900 da 830, ka samu 4.7.

A nan ɗalibai suke faɗuwa. Wannan 4.7 ba awa huɗu da minti bakwai ba ne, ba kuma da minti saba'in ba. Abin da ke bayan ɗigo ninka shi ake yi da 60. Wato 0.7 sau 60, minti 42. Awa huɗu da minti 42 ke nan.

Sai ka ƙara minti 30, domin jirgi ba ya fara cikakken gudu daga ƙasa. Zai yi rarrafe zuwa titi, ya jira izini, ya hau sannu a hankali, can kuma ya sassauta tun da sauran tafiya. Jimla awa biyar da minti 12, ka ce biyar da kwata. Biyar ɗin da yaron nan ya faɗa wa gwaggo ke nan.

Gwada da gajeriyar tafiya ka gani. Abuja kilomita 490, a raba da 830 minti 35 ne, a ƙara 30, awa ɗaya da minti biyar. Duk wanda ya taɓa hawa ya san haka abin yake. Ka lura kusan rabin lokacin tashi da sauka ne suka cinye, shi ya sa nisa in ya ninka lokaci ba ya ninkawa. In kuma ƙaramin jirgi ne mai farfela irin ATR, ka sauke gudun zuwa 500.

Mataki na 5: Iska

A can sama akwai iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman a sararin Turai da Amurka da tekun da ke tsakaninsu. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai zuwa yamma tana tare shi. Shi ya sa daga Niyok zuwa Landan kusan awa bakwai ne, komawa kuwa kusan takwas. A yankinmu ba ta da alƙibla ɗaya duk shekara; da damina iskar can sama daga gabas ma take tahowa. Don haka a tafiyar Saudiyya ba na gyara komai, nakan dai ce wa mutum ya bar rarar minti ashirin gaba ko baya.

Mataki na 6: Agogo, inda ake tafka ɓarna

Dokar tikiti ɗaya ce: lokacin tashi da agogon garin tashi aka rubuta shi, lokacin sauka da agogon garin sauka. Babu mai faɗa maka wannan a kanti, an ɗauka ka sani.

Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Haka Habasha da Turkiyya. Dubai uku, Chaina bakwai. Ingila tana bayanmu da awa ɗaya a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da su. Masar ma ta dawo da irin wannan sauyi tun 2023, don haka wani lokaci tana gabanmu da awa ɗaya, wani lokaci biyu. Mu da Saudiyya ba ma taɓa agogo, wannan ya sauƙaƙa wa alhazai.

A ce tikiti ya nuna tashi daga Sakkwato 22:00, sauka a Jidda 05:15. Mai kallo zai ce awa bakwai da kwata. Mayar da lokacin sauka agogon gida tukuna: debe awa biyu, ya koma 03:15. Daga goma na dare zuwa uku da kwata, awa biyar da kwata. A dawowa kuma sai abin ya juye: tashi daga Jidda 10:00, sauka a Sakkwato 13:15, sai ka ji alhaji yana ba da labari wai hanyar gida ta fi kusa, awa uku kacal suka yi. Goma ta Jidda takwas ce a nan. Biyar da kwata ɗin dai ita ce.

Abin da nake yi, nakan ja layi biyu a takarda, ɗaya na rubuta "agogon can", ɗaya "agogon gida", duk wani lokaci da ke tikitin sai na mayar da shi na gida kafin in tara ko in debe komai. Amfanin agogon hannun nan ke nan: ka bar shi a lokacin Najeriya har ka isa masauki. Waya da ta kama sabis ɗin wata ƙasa za ta sauya kanta ba sallama, kai kuma ka rasa a kan wane lokaci kake.

Sai lissafin awa 24. Daga 13:00 zuwa sama debe sha biyu: 15:40 huɗu saura minti ashirin ne na yamma. Wanda ya fi cutar mutane shi ne jirgin da yake tashi bayan sha biyun dare. Wani maƙwabcina ɗan kasuwa tikitinsa ya ce Talata 00:45. Ya yi sallama da iyali ranar Talata da la'asar, ya isa filin jirgi da daddare cikin natsuwa, aka ce masa jirginsa ya tashi tun daren jiya. Ya kira ni murya na rawa: "Malam, mi na na yi ba daidai ba? Talata ta aka rubuta!" Talatar ce kuwa, amma minti arba'in da biyar da shigarta. Kuɗin sauya tikitin da ya biya ya isa sayen ragon layya. Abin da ya ƙara rikita lamarin, mu a wurinmu dare yana riga yini: daren Juma'a shi ne wanda ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis. In ka ce wa mutum "daren Talata", wani zai fahimci wannan, wani wancan. Tun daga ranar na daina faɗar haka. Cewa nake yi: ranar Litinin, bayan sallar isha'i, ka kasance a filin jirgi.

Mai zuwa gabas ya sani kuma yininsa gajere ne. In kun tashi ƙarfe biyu na rana, agogon hannunka zai nuna biyar da 'yan mintuna ka ga rana tana faɗuwa ta taga. Lokutan salla da buɗa-baki da ranar da kake gani suke tafiya, ba da agogon Sakkwato ba. Masu sauka Jidda da niyyar Umara kuma su kammala shirin harami tun a ƙasa. Akan yi sanarwa kafin a kai miƙati, amma layin banɗakin jirgi a wannan lokacin ba a magana.

Mataki na 7: In akwai yada zango

Ban da jigilar alhazai, yawancin tafiyarmu ta waje sai an bi ta Abuja ko Kano ko Legas, sau da yawa a sake sauka a wata ƙasa. Kowace gaɓa lissafinta daban, da rabin awarta. Ɗauki mai zuwa Guangzhou ta Adis Ababa; a nan ban ƙara rarar kashi biyar ɗin ba. Abuja zuwa Adis kusan kilomita 3,460, awa huɗu da minti 40. Adis zuwa Guangzhou kusan 8,040, awa goma da minti goma. A ce ya tashi Abuja 13:30, zai sauka 20:10 agogon Habasha, wato 18:10 na gida. A ce jirgi na biyu 00:30 ne, wato 22:30 na gida. Zaman jira awa huɗu da minti 20 ke nan. Zai sauka 08:40 na safiyar gobe a agogon gida, alhali a can 15:40 ne.

Zaman jira ana lissafa shi da agogon gari ɗaya, don haka shi ba ya ruɗi. Abin dubawa shi ne ko ya isa. Ni ba na yarda da abin da ya gaza awa biyu a filin da mutum bai sani ba, balle tsoho ko mai yara. In kuma tikitin Sakkwato zuwa Abuja daban ka saye shi, na waje daban, to ka sani in na farko ya makara na biyu ba ruwansa, kuma kayanka sai ka karɓa ka sake kai su awo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari har jirgi ya kasa sauka, shawarata ka tafi tun ana gobe ka kwana a can. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai asarar tikitin Chaina ba.

Mataki na 8: Daga ƙofa zuwa ƙofa

Wannan shi ne lissafin da jiki yake ji, kuma da shi ake shirya magani da guzuri. Mu bi ɗan kasuwar nan. Ya bar gida 6:00 na safe, jirgin Abuja ya tashi 8:00, ya sauka 9:10. Ya jira har 13:30, wanda dama tafiyar waje ana son mutum ya isa wurin awon kaya da awa uku a hannu. Ya sauka Guangzhou 08:40 na gida. Ba shi awa ɗaya da rabi wurin jami'an shige da fice da jiran kaya, da awa ɗaya a mota zuwa masauki, 11:10 ke nan. A sama awa 16 ya yi. Daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar ɗakinsa kuwa awa 29 ne da minti goma.

Na alhazai ya fi wannan wuyar kamawa, don zaman sansani ba shi da ma'auni, sai an kira. Bayan sauka ma akwai tantancewa, sannan daga filin Jidda zuwa Harami kusan kilomita 100 ne a mota. Shi ya sa nake ce wa masu ciwon suga da hawan jini su zuba maganin kwana biyu a jakar hannu, kada ya bi babbar jaka cikin jirgi, kuma su ci gaba da sha bisa agogon hannu har su huta su daidaita.

Mataki na 9: Gwada amsarka, ka aika wa mai tarba

A tikiti akwai lambar jirgi, haruffa biyu da 'yan lambobi. Rubuta ta a Flightradar24, za ka ga lokacin da jirgin ya ɗauka a kwanakin baya da hanyar da ya bi. In amsarka da tasu sun yi kusa da minti ashirin zuwa talatin, lissafinka ya yi. Lokacin da kamfani yake rubutawa yakan ɗan fi na sama tsawo, don daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta suke ƙirgawa, har da 'yar rara. In ka ga bambancin awa ɗaya ko biyu cif, koma mataki na shida, agogo ne. In ya haura haka, ko dai mil ka ɗauka a matsayin kilomita, ko akwai zagaye, ko kuma jirgin yana sauka wani gari ya ɗebi fasinja ba tare da an sauya lambarsa ba. Wannan na ƙarshen ka tambayi mai sayar da tikiti baki da baki. Jiragen alhazai da ba su da jadawalin kullum ba lallai ka samu tarihinsu ba, sai ka tsaya kan lissafinka na biro.

Saƙon mai tarba kuma ka rubuta shi da agogon garinsa, da sunan rana, da sunan fili, da lambar jirgi, ka ƙara masa awa ɗaya ta fitowa. Ga irin wanda na rubuta wa ɗan gwaggo da ke zaune a Jidda: "Inna za ta sauka filin Jidda ranar Laraba, biyar da kwata na asuba agogonku. Kada ka sa ran fitowarta kafin shida da kwata. Ga lambar jirgin nan, ka duba ta kafin ka baro gida."